Ko Kun Sani? Daga Maƙeran Gaya zuwa Mutum-mutumi

Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, wato Abagayawa, sun zauna a gindin Dala ne don neman tama. To, har yau ƙarfe ne ƙashin mutum-mutumi. A kansa ake ɗaura ƙananan injinan lantarki masu motsa gaɓoɓi, da kyamara a madadin ido, da kwamfutar da ke ba da umarni. Na farko a masana'anta, Unimate, ya kama aiki a 1961 a kamfanin General Motors na Amurka, yana ɗaukar ƙarfe mai zafi.

A aikin maimaici kam mutum-mutumi ya fi mu juriya. Amma a gonar Ajingi, inda gero da wake ke cakuɗe da ciyawa, har yanzu idon manomi ya fi kyamara tantance abin da za a nome.