Windows 10 ko Windows 11: Zaɓin da ke gaban masu gidajen wasan kwamfuta a Khartoum da Omdurman

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajar kwamfuta ta Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Ma'ana, ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. A Turai da Amurka, abin bai wuce mutum ya latsa maɓalli ya koma Windows 11 ba, ko ya sayi sabuwar na'ura. Amma a Khartoum da Omdurman, inda jama'a suka soma komawa gida suna tattara abin da yaƙi ya bari, magana ce ta jari. Mai gidan wasan kwamfuta da ke son sake buɗe shagonsa sau ɗaya zai iya sayen kaya, in ya yi kuskure kuwa babu kuɗin gyarawa. Mun ga ya dace mu duba lamarin, domin abin da ke gabansa shi ne ke gaban ɗan'uwansa na Kano ko Maraɗi.

Kafin mu shiga kwatancen, bari mu tuna wa mai karatu halin da ake ciki. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilu, 2023. An wawashe kasuwanni irin su Suƙul Arabi da ke tsakiyar Khartoum, da titin Hurriya da ya yi suna wajen sayar da kayan lantarki. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, har mutane suka koma sayen intanet na Starlink awa-awa. Sojoji sun sake karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, sai dai a watan Mayu na shekarar jiragen yaƙi marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin lantarki a Omdurman, jihar ta faɗa cikin duhu. Saboda haka duk wanda zai kafa kwamfutoci a can, da wuta da intanet zai fara lissafi.

Akwai kuma tsohon tabo. Tun 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci, wanda ya hana kamfanoninta sayar wa 'yan ƙasar manhaja. Sai a 2015 aka sassauta kan kayan sadarwa, sannan aka ɗage takunkumin a watan Oktoban 2017. A tsawon waɗannan shekaru jama'a suka saba da kwafin Windows na bayan fage, da rufe hanyar sabuntawa don kada kwafin ya tonu. Wannan sabo ne ya sa har yanzu wasu ke ganin sabunta manhaja neman fitina ne kawai.

To, mece ce gaskiyar bambancin? Mu fara da Windows 7, wadda ta fito a 2009, kuma masu gyara da yawa ke ƙauna saboda ba ta cin ƙarfin na'ura. Microsoft ya sallame ta tun 14 ga Janairu, 2020. Kasuwar wasanni ta Steam, wadda ita ce mafi girma a duniyar kwamfuta, ta daina aiki da ita da Windows 8 daga 1 ga Janairu, 2024. Sababbin wasannin ƙwallon ƙafa na kamfanin EA ma ba sa hawa kanta. Amfaninta ɗaya ya rage: tsofaffin wasannin da ba sa buƙatar intanet, irin su GTA San Andreas da PES 2013 da Counter-Strike 1.6 da yara ke bugawa tsakanin kwamfutocin shago ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, amma da sharaɗin kada a jona ta da intanet.

Ainihin gasar tana tsakanin Windows 10 da Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021. A nan muna son mai karatu ya lura da kyau: idan aka ɗora su a kan na'ura iri ɗaya, bambancin saurin wasa a yawancin lokuta ƙanƙane ne, wanda ido ba ya kamawa. Dukkansu suna aiki da DirectX 12, wato tsarin da wasa ke bi wajen magana da katin hoto. Abubuwan da ake tallata Windows 11 da su kuwa sai mai kaya masu tsada ke morar su. Auto HDR, mai ƙara hasken launi, yana buƙatar allon da aka ƙera dominsa. Tsarin raba aiki tsakanin manya da ƙananan sassan ƙwaƙwalwar na'ura yana amfanar masarrafan Intel daga zubi na 12 zuwa sama ne kawai. Hasali ma, wani tsarin tsaro da ke zuwa a kunne cikin Windows 11 yakan ɗan rage saurin wasa a kan na'urori marasa ƙarfi. Wanda duk ya ce maka sauya Windows zai mayar da tsohuwar kwamfutarka doki, ciniki yake nema. Ƙarin ƙwaƙwalwar RAM daga gigabayit 8 zuwa 16, ko maye gurbin tsohon faifan ajiya da SSD, ya fi kawo canjin da yaro zai gani da idonsa.

Idan ba sauri ba ne, me zai sa a sauya? Dalili biyu ne. Na farko tsaro. Na biyu kuma masu yin wasannin ne da kansu ke janye jiki. Wasan Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025 ba ya tashi sai an kunna tsarin Secure Boot, shi kuwa Call of Duty: Black Ops 7 na Nuwamban 2025 ya ƙara da sharaɗin TPM 2.0, duk don maganin masu maguɗi a wasa. Waɗannan su ne sharuɗɗan da Windows 11 ta zo da su. Kamfanin Nvidia mai ƙera katin hoto ya sanya Oktoban 2026 a matsayin iyakar fitar wa Windows 10 da manhajar sababbin wasanni. Mun taɓa ganin irin haka a 2007, lokacin da aka keɓe DirectX 10 da wasan Halo 2 ga Windows Vista. Jama'a suka ƙi, suka zauna a kan XP, kuma suka ci riba, domin Windows 7 ta zo ta fi ta. Sai dai a wancan lokacin Microsoft na ci gaba da kula da XP, har zuwa 2014. Wannan karon babu irin wannan dogon rangwame. Shirin ƙarin wa'adin tsaro da aka buɗe wa ɗaiɗaikun masu Windows 10, a kan dala 30 ko kyauta ga wanda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft, an sanar da shi ne zuwa 13 ga Oktoba, 2026.

A nan fa gizo ke saƙar. Windows 11 ba ta hawa kowace na'ura. Tana buƙatar TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabayit 4, da ma'ajiya gigabayit 64, da masarrafar Intel daga zubi na 8 ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Ofisoshin ƙasashen waje da suka sauya kaya sun zubar da ɗimbin kwamfutocin da suka gaza wannan ma'auni, kuma kasuwannin kayan hannu ne makomarsu. Mai saye a Omdurman zai ga na'ura tsaf-tsaf, an rubuta Core i5 ko i7, farashi da sauƙi. Araha ba ta ado. Abin dubawa shi ne lambar da ke bin sunan: i5-6500 zubi na 6 ne, i5-7500 na 7, duka ba su cancanta ba, amma i5-8400 ta tsallake. Haka kuma na'urori da yawa suna da TPM a kashe ne kawai; mai gyara zai iya kunna shi a cikin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana faɗin gaskiyar na'ura cikin minti ɗaya, kuma duk mai sayarwa da ya hana a gwada, a bar masa kayansa.

Wasu masu gyara sukan yi dabarar tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura. Tana hawa, amma Microsoft ya ce bai ɗauki alhakin sabunta irin wannan ba, kuma wasan Valorant yakan ƙi tashi a kan Windows 11 marar TPM. Ka ga an yi ba a yi ba ke nan. Masu tunanin komawa Linux kuma su sani cewa wasanni da yawa na Steam suna aiki a kanta, amma Fortnite da Valorant ba sa yi.

Sai batun wuta da intanet. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabayit 5, kuma nau'in Home yana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen ɗorawa. Mai kwamfuta goma ya sauko da shi sau ɗaya a kan filasha, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a fara aikin sai batirin sola ya cika ko akwai UPS, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗorawa, musamman wajen sabunta BIOS, tana iya kashe na'ura. A kwashe muhimman fayiloli kafin a soma. Bayan sauyawa akwai kwana goma da mutum zai iya komawa Windows 10 in bai gamsu ba.

Shawararmu dai ga ta. Wanda na'urarsa ta cancanta, kuma Windows ɗinsa na halal ne, ya sauya, kyauta ne, ba zai yi asarar sauri mai yawa ba. Wanda tasa ba ta cancanta ba, kuma yaran unguwa ƙwallo suke bugawa suna rabuwa gida biyu kamar magoya bayan Hilal da Merrikh, ya zauna a kan Windows 10 ba tare da fargaba ba, amma kada ya shiga asusun banki ko ya ajiye sirrin kasuwancinsa a kanta. Lissafin kuɗi da Bankak su tsaya a waya. Wanda kuma yanzu zai sayi kaya, kada ya sa sisinsa a ƙasa da zubi na 8, ko da za a ce maimakon guda goma shida zai iya saye.

Wannan magana ba ta Sudan kaɗai ba ce. 'Yan'uwanmu Hausawa mazauna Mayo da sauran unguwannin Khartoum, da masu zuwa titin Beirut a Kano neman kwamfuta ta hannu, irin kaya ɗaya ake kawo musu. Kafin a tambayi wace Windows ce ta fi, a tambayi wane wasa za a buga, da intanet ko babu, kuma wace lamba ce a jikin masarrafar. Amsar waɗannan uku ita za ta raba gardama.