MUGUN IRI: SHIN KISAN KAI MA GADO NE?

Akwai wani tsohon fim na ƙasar Amurka, baƙi da fari, wanda ya fito cikin shekara ta 1956. Babu dodo cikinsa, babu fatalwa, ko kisa guda ba a nuna a fili ba, amma har yau duk inda aka kalle shi sai an watse da gardama. Sunansa The Bad Seed, da Faransanci La Mauvaise Graine, watau mugun iri. Mervyn LeRoy ne ya shirya shi a kamfanin Warner Bros, daga littafin da William March ya fitar a 1954, shekarar da ya rasu.

Labarin wata yarinya ce mai suna Rhoda, ƴar shekara 8, mai tsabta da ladabi, irin wadda kowace uwa ke misali da ita. A lakkwal ɗinsu an ba wani yaro, Claude, lambar yabo ta kyawun rubutu, alhali ita tana ganin tata ce. Ranar da aka kai yaran shan iska bakin ruwa, sai aka tsamo gawar yaron, lamba kuwa ta yi ɓatan dabo. Uwarta, Christine, ta tsinci lambar cikin kayan ƴarta, ta matsa mata, ta gane da takalmanta masu ƙarfe ta buge shi. Ana cikin haka kuma ta gano ita kanta riƙonta aka yi, wadda ta haife ta kuwa wata ce Bessie Denker, mace da ta shahara wajen kashe mutane. Ke nan abin ya tsallake uwa ya sauka kan jika. Bayan yarinyar ta ƙone mai gadin gidan da wuta, uwar ta ɗura mata maganin barci, ta harbi kanta.

To, daga nan ne ƴan kallo suka rabu. Cikin littafin, da wasan dandali da Maxwell Anderson ya tsara daga gare shi, uwar ce ta mutu, yarinyar ta tashi garau, ba wanda ya san sirrinta. Amma dokar tace fim ta Amurka ta wancan zamani ba ta yarda mai laifi ya sha ba. Don haka aka raya uwar, aka sa Rhoda ta fita cikin hadari neman lambar bakin ruwa, aradu ta faɗa mata. Kamar wannan bai isa ba, sai aka fito da ƴan wasan ɗaya bayan ɗaya suna gaida jama'a, Nancy Kelly wadda ta yi uwar ta kifa Patty McCormack bisa cinya tana ba ta kashi, suna dariya. Waɗansu sun ce wannan ya ɓata miya, an mai da abin tsoro wasan yara. Waɗansu kuwa sun ce da ba a yi haka ba da iyaye da yawa ba su runtsa ba. Ni dai ina tare da na farko: aradun nan ta mai tacewa ce, ba ta mai labari ba.

Matasan yanzu kuma dariya suke yi ma yawan surutu da ɗaga murya, don yawancin ƴan wasan daga dandalin Niyok aka ɗauko su, sun zo da halinsu na can. Amma dariya takan ɗauke in Eileen Heckart ta shigo a matsayin uwar yaron da ya mutu, a buge da giya, tana roƙon a faɗa mata abin da ɗanta ya yi a ƙarshe. Ita da Kelly da McCormack duka sun shiga takarar kyautar Oska, ko da yake ba wadda ta ɗauka.

Babbar gardamar dai ita ce ta gado. Mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe yana ganin fim ɗin gaskiya ya faɗa. Mai cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba sai ya nuna Christine, ƴar mai kisa, wadda ba ta taɓa cutar kowa ba kafin daren nan. Mu da muke binciken asali kafin a ɗaura aure, mun san nauyin zancen, mun kuma san ƴaƴa nawa aka ƙi saboda laifin kaka.

Amurka ta san shi fiye da mu. A 1927 kotun ƙolin ƙasar ta halatta a yi ma wata budurwa ƴar jihar Bajiniya, Carrie Buck, aikin hana haihuwa, bisa hujjar wai raunin hankali gadon gidansu ne. Mutane fiye da 60,000 aka yi ma haka cikin ƙarni na 20. Littafin March ya fito ne sa'ad da wannan tunani yake shan kashi, masana suna koma ma tarbiyya, shi ya sa cikin fim ɗin ma uban riƙon Christine yake musun zancen jini.

Binciken da ya biyo baya bai goyi bayan fim ɗin ba. A 1965 an yi zaton an gano alamar laifi jikin maza masu ƙarin ƙwayar halitta ta Y, daga baya zancen ya rushe. A 2002 kuma, masu bin rayuwar yara wajen 1,000 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan sun ga cewa wata ƙwayar gado da ake zargi ba ta ƙara ma yaro mugunta sai in an azabtar da shi yana ƙarami. Rhoda kuwa ba wanda ya taɓa ko zungurarta. Cikin gata ta tashi.

Duk da haka mutane ba su bar kallonsa ba, kuma ina jin ba don yarinyar ba ne, don uwar ne, mai duban abin da ta haifa tana sonsa tana tsoronsa, tana tuhumar jikinta. An sake yin fim ɗin don talabijin a 1985, aka kuma a 2018. Cikin na 2018 ɗin an ga Patty McCormack ta dawo, ta haura shekara 70, ta fito a likitar ƙwaƙwalwa wadda aka kawo ma sabuwar yarinyar don ta duba ta.