Kiwon Murjani a Gida da Darasin Ruwan Sharaɗa, Challawa da Bompai

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani. Fatake sun yi ta ketowa da shi Sahara daga gaɓar Bahar Rum har kasuwar Kurmi, mata suna ado da shi a wuya da hannu, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Sai dai da yawa sun ɗauka ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, alhali ƙashin wasu ƙananan dabbobin teku ne. A ƙasashe da dama akwai masu kiwon dangin waɗannan dabbobi da ransu, a akwatin gilashi a cikin falo. Ko mutumin Kano, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 1,000 daga tekun Legas, zai iya irin wannan kiwo? Zai iya, amma sai ya fara sanin irin ruwan da yake zaune a kai.

Dabbar murjani jikinta taushi gare shi, galibi faɗinta 'yan milimita ne kawai, tana da baki ɗaya da 'yan yatsu kewaye da shi. Dubbai ne ke zama wuri guda. Masu taurin cikinsu suna zuƙo sinadarin kalsiyom daga ruwa su gina wa kansu ƙashi, tsofaffi su mutu sababbi su ɗora gini a kai, har bayan dubban shekaru a sami tsaunuka a ƙarƙashin teku. Mafi girmansu yana gaɓar Ostareliya, tsawonsa kimanin kilomita 2,300. Akwai irinsu a Bahar Maliya, daura da Jidda inda alhazanmu ke sauka. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a nan suke samun abinci da mafaka.

Jan murjanin ado yana rayuwa ne a wurare masu duhu, a zurfi ko cikin koguna, ba ruwansa da rana. Wanda ake kiwo a gida kuwa na ruwa mai ɗumi ne marar zurfi. A cikin namansa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, tana sarrafa hasken rana ta samar masa da mafi yawan abincinsa, shi kuma ya ba ta masauki. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Idan ɗumin ruwa ya ɗara yadda ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai murjanin ya kori gansakukar, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru a gaɓar Ostareliya a 1998 da 2016 da 2024, da wasu shekarun a tsakani.

Mai kiwo a gida dole ya kwaikwayi teku a cikin lita 50 ko 100. Ƙanƙantar akwati tana rage kuɗi amma tana ƙara haɗari, domin cokalin gishiri a moɗa ba ɗaya yake da cokalin gishiri a randa ba: ƙaramin kuskure nan da nan yake game ruwan duka. Ana son gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ko kantun Bilma ba sa yi. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa da kalsiyom da magniziyom da sauran sinadaran ruwan teku. Ɗumin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, kalsiyom kuma tsakanin miligiram 400 da 450 a lita. Ana buƙatar fitilar LED mai shuɗin haske ta maye gurbin rana, da ɗan injin da zai riƙa kaɗa ruwa dare da rana, tunda murjani ba ya tashi neman abinci, ruwa ne ke kawo masa ya kuma kwashe ƙazantarsa.

Haƙuri ma yana cikin kayan aikin. Bayan an haɗa ruwa an jera duwatsu, sai a jira mako 4 zuwa 6 kafin a saka wata halitta, don ƙwayoyin bakteriya masu amfani su hayayyafa. Su ne ke juya amoniya, wadda guba ce da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci, zuwa naitiret mai sauƙin illa. Daga nan sai a riƙa sauya kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako ko mako biyu. Sabon shiga ya fara da murjani mai taushi, wanda ya fi jure kuskure. Ya sa safar hannu, domin wasu nau'o'in suna ɗauke da mugun dafi, kada kuma ya taɓa tafasa dutsen da ya fito daga akwatin, tururin na iya kai mutanen gida asibiti. Murjani mai tauri yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke ciki, don haka fataucinsa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini.

A Kano abu uku ne za su sha wa mai kiwo kai. Na farko zafi: a watan Afrilu ma'auni yakan kai digiri 40, don haka sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai iyakwandishan. Da hunturu kuma busasshiyar iska tana shanye ruwan ta bar gishirin, sai a riƙa cikawa kullum da tataccen ruwa marar gishiri. Na biyu wuta: injin kaɗa ruwa ya tsaya na wasu awoyi, iskar shaƙa ta ragu, halittun su fara mutuwa. Wanda bai da sola da batir kada ya soma. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne ruwan kansa.

Murjani ba ya jure ƙarfen da ya narke a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ruwan sha ya ƙunshi tagulla har miligiram 2 a lita, amma kashi ɗaya bisa goma na wannan ya isa ya kashe murjani. Shi ya sa masu kiwo ba sa zuba ruwan famfo ko na burtsatse kai tsaye, sai sun bi da shi ta na'urar RO, irin wadda wasu kamfanonin ruwan roba ke amfani da ita, sannan su sake tace shi su gwada.

A nan ne maganar ta shafi wanda bai taɓa tunanin ajiye akwatin gilashi ba. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai, wadda ta fi daɗewa, sai Sharaɗa, sai Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso. A cikinsu akwai masana'antun jima da saƙa da robobi da kayan abinci, waɗanda dubban magidanta ke ci daga gare su. Jima tsohuwar sana'ar Kano ce, kuma majeman gargajiya da bagaruwa suke aiki. Jimar zamani kuwa tana amfani da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi, sannan da gishirin kuromiyom wajen jeme fata. Idan aka saki ruwan wannan aiki ba a tace ba, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, inda na Challawa ma ke zuba. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai a Minjibir. A bakin waɗannan ruwaye ana noman rani na latas da alayyafo da karas, ana shayar da shanu, ana su.

Masu bincike, ciki har da na Jami'ar Bayero, sun sha gwada waɗannan ruwaye suna samun kuromiyom da dalma da kadmiyom. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada kuromiyom ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, dalma kuma 0.01. Matsalar ƙarfe ita ce ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ya shiga ganye da naman kifi, ya taru a jikin mai ci sannu a hankali. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yara, kadmiyom yana lalata ƙoda, wani nau'in kuromiyom kuma yana haddasa ciwon daji. Murjani yakan nuna alama cikin kwanaki: ya tsuke, ya koɗe, ya mutu. Jikin ɗan Adam yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna, lokacin da gyara ya yi wuya.

Saboda haka, mai sha'awar kiwon murjani ya fara da kifin ado na ruwan daɗi, ya saba da gwajin ruwa da tsabtace akwati, sannan ya lissafa kuɗin sola da na'urar sanyi da ta tace ruwa kafin ya sayi ko gilashi ɗaya. Mazauna kusa da waɗancan unguwannin masana'antu kuma, masu kiwon tarwaɗa ne ko masu rijiya a tsakar gida, su sani cewa garau ɗin ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Alif yana kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma tafasawa ba ta cire ƙarfe, sai ma ta ƙara masa kauri idan ruwan ya ƙone. A haɗa kuɗi a unguwa a kai samfurin ruwa ɗakin gwaji, ko sau ɗaya ne a damina sau ɗaya a rani. Idan sakamakon ya nuna matsala, a kai shi ga mai unguwa da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli. Doka ta ɗora wa kowace masana'anta tace ruwanta kafin ta sake shi, kuma koken da aka kai da takardar gwaji a hannu ya fi wuyar turewa gefe.