Ƙumba da Kifi: Bayani ga Hakimai da Malamansu

A ƙasar Sanyinna da sauran ƙasashen Tambuwal da Kebbe, inda Gulbin Zamfara da tafkunan fadama ke ciyad da masunta da yawa, kowa ya san ƙumba. Idan ruwa ya janye da rani yara su kan tsince ta cikin laka, mata kuwa su kan kankare tukunya da ɓawonta. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan halitta ba ta girma sai ta fara zama a jikin kifi.

Ga yadda al'amarin yake. Uwar ƙumba ta kan riƙe ƙwanta cikin jikinta har su ƙyanƙyashe, sa'an nan ta saki 'ya'ya dubbai cikin ruwa, kowane bai wuce ƙwayar rairayi ba. Ba su iya ciyad da kansu. Wanda bai sami kifi cikin 'yan kwanaki ba ya mutu. Wanda ya yi sa'a ya kan maƙale a fiffiken kifi, ko ruwa ya kai shi cikin manumfasa, watau jajayen tsokokin nan masu kama da haƙoran matsefi da ke gefen kai, waɗanda kifi ke shaƙar iska da su daga ruwa. Nan ya kan datse ɓawonsa biyu a kan tsokar kamar awartaki.

Da zarar ya datsa, jikin kifi ya ɗauke shi rauni ne. Fatar wurin ta kan rarrafo ta rufe shi cikin 'yan sa'o'i, ya zama ɗan ƙurji fari. Kana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, su taru a wurin, majina kuma ta ƙaru. Daga nan sai ɗayan biyu. In kifin ba irin wanda ya dace da ƙumbar ba ne, jikinsa ya kan ƙi baƙon, ƙurjin ya saɓule cikin kwanaki kaɗan, ɗan ƙumba ya halaka. In kuwa ya dace, ya kan zauna ciki yana samun abinci daga kifin har ya rikiɗa ya ɗauki siffar uwarsa, sa'an nan ya faɗa ƙasan ruwa, sau da yawa nesa da inda aka haife shi. Wannan zama ya kan ɗauki makwanni, a ƙasashen sanyi kuwa har watanni.

An daɗe kafin a gane haka. A 1797 wani masani mai suna Rathke ya zaci 'ya'yan nan wata cuta ce ta ƙumba. Sai a 1866 Leydig na Jamus ya same su maƙale a jikin kifi. A 1919 Reuling ya nuna a Amurka cewa kifin da aka sha maƙale masa ya kan sami rigakafi, har ya riƙa kakkaɓe su da wuri, kamar yadda mutumin da ya yi ƙyanda ba ya sake yi. A Afirka kuwa, Fryer ya bayyana a 1961 yadda 'ya'yan wata ƙumba mai suna Mutela ke kafa saiwa a fatar kifi a ƙasar Uganda. Danginta, da na wata mai suna Coelatura, suna cikin ruwayen da ke haɗe da Kwara.

To, ina ruwan Hakimi da wannan? Na farko, masunci ko mai saye ya kan ga ɗigo-ɗigo fari a manumfasar kifi ya tsorata. 'Ya'yan ƙumba ba su kama mutum, kuma kifin ya kan warke bayan sun faɗi, sai fa in sun yi masa yawa ƙwarai har numfashi ya yi masa wuya. Amma idan aka ga kifaye suna mutuwa da yawa, lalle a sanad da ma'aikacin gidan gona mai kula da su ba da jinkiri ba, gama wannan wata musiba ce dabam.

Na biyu, ƙumba ita ce matatar ruwa. Ta kan zuƙi ruwa dare da rana, ta tsame dauɗa da ƙananan halittu, ta mai da shi garau. Tun da yake manyan kifaye sun sha haɗuwa da 'ya'yanta har wasu sun sami rigakafi, sabbin kifaye na kowace shekara su ne babban abin dogaronta. Saboda haka wanda ya zuba magimfa ko maganin ƙwari a tafki, ko ya ja taru mai ƙananan idanu ya kwashe ƙanana, ɓarna biyu ya yi: ya kashe kifin baɗi, ya kuma yanke zuriyar ƙumba. Ɓarnar ba ta kan bayyana nan da nan ba, domin tsofaffin ƙumba su kan yi shekaru a raye.

Ana roƙon Hakimai su kira Dagatai da Sarakunan Ruwa su karanta musu wannan bayani kafin a buɗe su na bana. Malamai kuma su rubuta sunan kowane tafki, da ranar da aka buɗe shi, da ko ana samun ƙananan ƙumba a bakinsa. Tafkin da ba a ganin komai cikinsa sai manyan ɓawo, shi ne ya kamata a fara hutad da shi.