Kai Ya Sami Hular Kwano, Saura Ƙafa: Takalmin Hawan Babur A Potiskum

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titi a unguwar Bolewa, cikin garin Potiskum, ya zuba ido ga ƙafafun masu wucewa a kan babur, zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Malamin makaranta da silifas, dillalin shanu da fade, manomi mai zuwa gona da takalmin roba wanda ya sha liƙi, samari kuwa da ɗan kambas marar nauyi. Da wuya a ga wanda takalminsa ya rufe masa idon sawu. Alhali kuwa in babur ya kayar da mutum, ƙafar nan ita ke fara isa ƙasa, sau da yawa kuma ita ce babur ɗin ke dannewa.

Wannan magana ta taso ne saboda babur ya dawo Potiskum bayan doguwar rabuwa. A lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, gwamnatin Jihar Yobe ta hana hawansa, har aka yi kimanin shekara goma ana fama da keke da mai ƙafa uku. Sai a watan Maris na 2022 Gwamna Mai Mala Buni ya ɗage hanin a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Potiskum da Fika da Nangere. Watau ke nan akwai samari da yawa da suka girma ba su taɓa riƙe kan babur ba, suka koya a gurguje, a garin da ke mahaɗar hanyoyin Kano da Maiduguri da Bauchi da Gombe da Gashuwa, inda tireloli ke kai da kawowa dare da rana.

YADDA ƘAFA KE SAMUN RAUNI

Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, jama'a suka san cewa kai yana bukatar kariya, ko da yake a farkon al'amarin har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa don kauce wa kamu. Ƙafa kuwa an bar ta a baya. Dalilin a fili yake: raunin kai yana kisa nan take, raunin ƙafa kuwa kwantar da mutum yake yi, ya cinye masa jari a hankali.

Babur irin wanda aka fi hawa a wannan yanki, kamar Bajaj Boxer ko Jincheng, nauyinsa ya kai kimanin kilo 100 ko babu kaya a kansa. In ya kwanta gefe guda, nauyin nan a kan idon sawu da tafin ƙafa yake sauka. In kuma a kan kwalta ne ana cikin gudu, sai ya ja ƙafar a ƙasa, silifas ya yi nasa wuri, kwalta ta kankare fata har zuwa ƙashi. Bayan wannan akwai salansa da ke ɓangaren dama, wadda ke ƙona ƙwauri da sha-raɓa. Akwai ƙarfen tayar da inji, wanda kan zame ko ya dawo da ƙarfi ya doki ƙafa. Akwai kuma wayoyin ƙafar baya, masu kama dunduniyar wanda aka goya, musamman yara, har su tsinke agara. A hanyoyin ƙauye masu yashi, inda mahayi ke yawan sauke ƙafa don kada ya faɗi, kututture ko dutse kan fasa yatsa.

Mai irin wannan rauni, in ya tsananta, ko dai ya kwanta wajen mai ɗori, ko a nufi asibitin Potiskum da shi, wani lokaci har sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tafiyar kusan kilomita 300. Magidancin da ya kwanta wata biyu da damina, gonarsa ta tafi.

A shekarar 2011 wata mai bincike a ƙasar Ostareliya, Liz de Rome, tare da abokan aikinta, sun bi diddigin mahaya babur 212 da suka yi haɗari. Sun tarar cewa masu takalmin da aka yi musamman don babur sun sami sauƙin raunin ƙafa da idon sawu da kusan rabi. Abin da ya fi dacewa da mutumin Bolewa a cikin binciken shi ne, ko dogon takalmin da ba na babur ba ne, ya rage raunin kusan haka in aka gwada shi da takalmi na yau da kullum. Sai dai binciken bai nuna cewa kayan kariya suna hana karaya ba. Takalmi yana tsare fata da nama da jijiya, amma tuƙi da hankali shi ne ke tsare ƙashi.

ABUBUWAN DA MAI SAYE ZAI DUBA

Turawa suna da ma'aunin da suke gwada takalmin babur da shi, mai lamba EN 13634. Abu huɗu suke aunawa: tsawon takalmi, juriyarsa ga gogar kwalta, juriyarsa ga yanka, da kuma yadda tafinsa ke jure matsa daga gefe da gefe. Kowane ana ba shi lamba 1 ko 2, kuma 2 ta fi ƙarfi. Wanda ya ci karo da irin wannan takalmi zai ga hoton mahayi da lambobin nan a wani ɗan ƙyalle daga ciki. To, amma mai saye a kasuwar Potiskum ba shi da injin gwaji, hannunsa da idonsa su ne ma'auni, kuma sun isa su nuna masa abu mai yawa.

Da farko tsawo. Takalmin ya rufe idon sawu sarai, ya haura shi da kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. In akwai soso mai tauri ko ɗan faifai da aka ɗinke a ciki daidai ƙashin idon sawu, ciki da waje, to, an dace.

Na biyu, ya kama takalmin da hannu biyu, gaba da baya, ya murɗa kamar mai matse wanki. In ya murɗu cikin sauƙi, haka ƙafa za ta murɗu a cikinsa. Sa'an nan ya matse tafin daga gefe da gefe. Wanda ya lanƙwashe a hannun mutum ba zai yi komai ba a ƙarƙashin babur.

Na uku, ya danna bakin takalmin da dunduniyarsa da babban yatsa. Dukansu biyu su kasance da tauri. Takalmin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki yana tsare yatsu ƙwarai, sai dai yana da nauyi, kuma kaurinsa kan hana ƙafar hagu shiga ƙarƙashin giya. Saboda haka a gwada shi a kan babur kafin a biya kuɗi.

Na huɗu, yadda aka haɗa tafi da sama. Wanda aka ɗinke ya fi wanda aka liƙa da gam kawai, don zafin bazara da na inji suna sa gam ya saki. Tafin ya zama na roba mai zane wanda ba ya santsi a kan mai, yana da ɗan tudun dunduniya da zai riƙe matakin babur.

Na biyar, maɗauri. Takalmin da aka zura ƙafa kawai, haka zai fita da an faɗi. Mai igiya yana kama ƙafa sosai, amma dole a cusa bakin igiyar ciki, don in ta sarƙe a giya ko birki, mahayi zai so sauke ƙafa ta ƙi sauka. Dogon takalmin danƙo na shiga ruwa kuwa, ko da yake ya kai gwiwa, ba shi da amfani a nan: ba ya riƙe idon sawu, kwalta kuma na cinye shi nan da nan.

ZAFI DA ALWALA

Ba don rashin hankali mutane suka riƙe silifas ba. A watan Afrilu zafin Potiskum kan haura digiri 40, ga shi kuma Musulmi yana tuɓe takalmi sau biyar a yini don salla, ban da shiga zaure da gaida manya. Duk takalmin da sai an zauna an kwance igiya mai rami goma, kwana uku za a yi da shi a jefa ƙarƙashin gado. Maganin wannan shi ne mai igiya a gaba da zif a gefen ciki, a ɗaure igiyar sau ɗaya daidai ƙafa, daga nan sai a riƙa aiki da zif. Safar auduga tana shanye gumi. Wanda ya ga dama kuma sai ya ɗaure silifas ɗinsa a bayan babur, in ya isa inda za shi ya sauya.

INA ZA A SAMI NA GIDA?

Takalman babur na Italiya da sauran ƙasashen Turai sun fi ƙarfin aljihun yawancin mahaya, tun ma ba da darajar Naira ta faɗi a 2023 ba. Na gwanjo kuwa sai an yi hattara, don akwai irin tafin da ke ruɓewa in ya daɗe a ajiye, a gan shi kamar sabo, mako guda ya marmashe.

Nijeriya ba baƙuwar sana'ar takalmi ba ce. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalman da dukawan birnin ke ɗinkawa suke tafiya ƙasashe masu nisa. Jar fatar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. A nan Potiskum ma, inda fadar Sarkin Fika ta dawo tun 1924, duk wanda ya kalli hawan salla ya ga dogayen takalman fata a ƙafafun mahaya dawaki. Magabata sun san cewa mai hawa yana bukatar takalmin hawa. Daga baya kamfanin Bata ya yi zamaninsa a Ikko, 'yan makaranta da yawa suka taka Cortina.

A yau hanya uku ce a buɗe ga mai neman na gida. Ta farko ita ce Aba ta Jihar Abiya, inda dubban masu sana'a a kewayen kasuwar Ariaria ke yin takalman ma'aikata da na masu kayan sarki, 'yan kasuwa kuma na kawo su Arewa. A cikinsu akwai mai kyau, akwai na banza, kuma an daɗe da sanin cewa wasu kan buga wa nasu sunan Italiya don ya sami shiga. Saboda haka tambari ba hujja ba ne, gwajin hannu shi ne hujja. Har wa yau, a wannan yanki da shingayen bincike suka yi yawa, farar hula ya guji takalmi mai kama da na soja. Ruwan ƙasa wanda ba shi da wata alama ya fi kwanciyar hankali.

Ta biyu ita ce Kano, wajen dukawa da masu takalma na Ƙofar Wambai, inda ake samun fata da tafi da zare da duk kayan aiki. Ta uku kuwa, wadda ta fi kusa, ita ce shumekan unguwa. Mai gwanin hannu yana iya auna ƙafar mutum ya ɗinka masa, in an gaya masa abin da ake so dalla-dalla: ƙirgin saniya mai kaurin kamar milimita 2 daga waje, fatar akuya mai laushi daga ciki, ɗinki layi biyu, ƙarin fata a kan yatsun hagu inda giya ke ci, tauri a baki da dunduniya da idon sawu, tafi kuma a ɗinke shi. Irin wannan ba a gwada shi a inji ba, ba kuwa za a ce ya kai na Turai ba, amma tsakaninsa da silifas akwai tafiya mai nisa. Ga shi kuma in ya lalace, mai gyara yana nan kusa.

GARIN SHANU, BABU ƘIRGI

Abin takaici a nan shi ne samun ƙirgin kansa. Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kowane mako tireloli na ɗibar shanu zuwa Kudu. Shanun suna tafiya da fatarsu, can kuma a babbake ta a ci, abin da ake kira ganda a nan, Yarabawa kuma ponmo. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano sun fi aiki da fatun awaki da tumaki, mafi yawansu kuma waje ake fitar da su. Fatar akuya tana da kyau wajen jaka da shafin ciki, amma ba ta da kaurin da zai jure gogar kwalta. Sai ga shi masu takalma suna neman ƙirgi daga wasu ƙasashe, ko su koma ga fatar roba mai ɓarewa.

Akwai hukumomin da wannan aiki ya rataya a wuyansu. Cibiyar Nazarin Fata da ke Samaru, Zariya, tana da masana jima da ɗinkin takalmi, za ta iya fitar da samfurin takalmin babur mai sauƙin kuɗi wanda ya dace da zafin Arewa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa za ta iya sa masa ma'auni, don mai saye ya san abin da ya biya. Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha, da ke nan cikin Potiskum, wuri ne da za a iya horar da samari su iya ɗinka shi. Jami'an kiyaye haɗurra kuma, in sun tashi wa'azin hular kwano a tasha da kasuwa, sai su haɗa da na ƙafa.

Kafin hukuma ta motsa, shawara tana hannun mai babur. Wanda ya iya tara kuɗin babur, ya sayi mai, ya yi rajista, bai kamata kuɗin takalmi ya gagare shi ba, in ya tuna cewa ƙafar nan da ita yake noma, da ita yake zuwa kasuwa da masallaci. Ya kuma tuna da yaron da ya goya a baya, ya tabbata ƙafarsa tana kan mataki, a cikin takalmi rufaffe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.