GURAGUN DA SUKA AJIYE ƘOƘON BARA

A wannan fitowar na ɗan ajiye zancen Alhaji da amaryarsa, zan ba ku labarin wata ƙungiya ta guragu a Kano, domin na san da wuya a samu unguwar da babu yaro ko yarinyar da shan inna ta taɓa.

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya yi wa masu nakasa tsari irin nasa. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kowa da jama'arsa. Sai dai tsarin duk a kan bara ya ginu. Ita kuwa cutar, cewa aka yi Inna ce, iskar nan, ta shanye wa yaro ƙafa, don haka ba asibiti ake nufa ba.

Malam Aminu Ahmed Tudun Wada yana ƙarami shan inna ta kama shi. Ya girma ya ce shi fa ba zai miƙa hannu ba. Shi ne ya jagoranci ƙungiyar waɗanda shan inna ta nakasa ta jihar Kano, suka kafa wurin walda inda guragu da kansu suke yanka ƙarfe suna ƙera keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ki duba fa, wanda ya ƙera ya samu na cefane, wanda ya hau kuma ya tashi daga jan gindi a ƙasa. Har ƙwallo suke bugawa da hannu a kan allo mai taya, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988.

Sai ga jarrabawa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda raɗe-raɗin wai maganin yana hana haihuwa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004. Ɗan Malam Aminu da aka haifa a wannan tsakanin, cutar ta kama shi. Wayyo! Uba ya san zafin abin a jikinsa, ga shi kuma a jikin ɗansa. 'Yan ƙungiyar suka riƙa bin ma'aikatan rigakafi gida gida. Maigidan da ya saba koro ma'aikaciya, in ya leƙo ya ga mutum a ƙasa da takalmi a hannu yana cewa dube ni, sai jikinsa ya yi sanyi. A 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Amma har gobe ana ɗiga wa yara maganin, kada ki hana ƙannenki.

Can Amurka ma haka aka faro. Wani Ed Roberts shan inna ta kwantar da shi a 1953 yana ɗan shekara 14, har numfashi sai da na'ura. Hukuma ta ce ba zai iya aikin komai ba. Ya nace ya shiga jami'ar Kalifoniya a 1962, kuma a 1972 masu nakasa irinsa suka buɗe cibiyar dogaro da kai: gyaran keke, neman gidan haya, samo mai taimako wanda kai za ka ɗauka, kai za ka sallama. Sharaɗinsu shi ne masu nakasa su ne shugabanni. Daga baya gwamna ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta raina shi. Ni dai wannan wurin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mata. Namiji in ya samu keke ya fita kasuwa. Mace fa? A nan Kalgo na san wata da muka fara firamare tare, ta fi mu duka lissafi. Da ta yi nauyin goyo aka ce ta zauna gida, wai wa zai riƙa ɗaukarta. Mu muka wuce sakandare, ita tana tsakar gida tana ƙulla gyaɗa. Da maganar aure ta taso, gwaggonta cewa ta yi, "Ke ɗiyata, wanda duk ya zo ki karɓa, ba ki da zaɓe." Keke ɗaya fa ya raba ta da aji.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na aikin gwamnati. Shekara biyar ɗin ta cika a 2024. Gobe in kin je makaranta ki tsaya a ƙofar ajinku ki ƙirga matakala, sannan ki leƙa bayan gida ki ga ko keke zai iya shiga.