Gilashin Da Ya Dace Da Hoton Ƙananan Halittu

Duk wanda ya ƙudura niyyar ɗaukar hoton idon ƙuda ko fiffiken mazari, domin ya ga hikimar da Allah Ya sanya cikin ƙananan halittu, lalle ya nemi gilashin kyamara irin na makro, wanda sharaɗinsa shi ne surar abu ta faɗa cikin kyamara daidai girmansa na haƙiƙa, wato 1:1. Mafifici a ganina shi ne mai milimita 90 zuwa 105, saboda yana barin tazara tsakanin mutum da ƙwaro, alhali mai milimita 50 yakan tilasta matsowa har ƙwaron ya tashi.

Wanda hali bai ba shi ba, to, akwai zobba marasa gilashi da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashinta. Suna da araha, illa dai suna cin haske. Kuma tun da abin da ke fitowa tar a wannan kusanci bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba, ya kamata a tsuke ƙofar haske zuwa f/11, a kafa kyamara bisa madogari mai ƙafa uku, a ƙara da fitila.